Goyon Dankalin Mama Chidi

Jiya na ji ɗayanku, ku samarin da ke zama a bakin shagon nan, yana cewa wai aikin da na yi a tashar jirgin ƙasa ba sana'a ba ce, ɗaure kaya ne kawai, ko akuya aka ba igiya za ta ɗaure. Ban yi fushi ba. Ni ma haka na ɗauka ranar da na bar haƙar kuza a Naraguta na gangaro tashar Jos neman abin yi, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ƙirji cike da ƙarfi, kai kuwa fayau.

Ga yadda abin yake. A ƙarshen shekarun saba'in, duk wanda ya yanki tikiti yana da nauyin kayan da zai shiga da shi kyauta. Abin da ya haura, sai a ɗora a sikeli a biya. Mata 'yan kasuwa masu kai dankalin turawa da kabeji da karas kudu, kullum kayansu ya haura. Sojoji da 'yan makaranta da masu zuwa gaisuwa kuwa, daga su sai 'yar jaka a kafaɗa. Aikinmu shi ne mu haɗa waɗannan da waɗancan. Mu raba kaya mai nauyi ƙulli-ƙulli, mu jingina kowane ƙulli ga tikitin wanda ba shi da komai, in an tambaye shi ya ce nasa ne. Wannan shi muke kira goyo. Mai goyo ya sami na goro, mai kaya ta tsira daga sikeli, mu kuma mu sami ladanmu. Jirgi bai ma san an yi ba, tun da nauyin da zai ja dai shi zai ja. Kada ku tambaye ni hukuncin abin. Ban taɓa kai maganar gaban malamai ba, don na san amsar da za su ba ni.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Tanko na Unguwar Rogo, wani dogon tsoho mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Kayan aikinsa kaf a aljihun 'yar shara suke: basilla ta ɗinkin buhu, wuƙa 'yar ƙarama, da curin igiyar rama. Sai gammo da yake ratayawa a wuya. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa basilla ba. Sai dai ya nuna mini ƙulli da haɓa, in ɗaga da hannu ɗaya, in faɗi ko zai wuce ko ba zai wuce ba, sannan mu kai sikeli idan mai awon ya tafi shan shayi. In na kuskure, ba ya zagi. Tsaki ɗaya zai ja, ya ce, "Isuhu, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kai hannunka ma bai sani ba." Har na kai inda in na ɗaga buhu zan ce a cire dankali huɗu, a cire, allurar sikeli ta tsaya daidai kan layi.

Aikin farko da ya sakar mini shi ne keken ɗinkin wani tela da zai koma Kaduna da iyalinsa. Keke da ƙafafunsa na ƙarfe ya fi ƙarfin tikiti biyu. Na kwance shi gaɓa-gaɓa. Kan keken na naɗe cikin katifa na ba wani ɗan makaranta, teburin na lulluɓe da tabarma na jingina ga wata tsohuwa, ƙafafun kuma na cusa cikin buhun gawayi na ba wani kurtun soja. Baba Tanko ya zagaya ya duba, ya ja igiya nan, ya taɓa ƙulli can. Sai ya sa ni na kwance biyu na sake ɗaurewa, don na yi musu ɗauri iri ɗaya. Ya ce kayan mutum uku ba sa kama da juna, kamar yadda 'ya'yan gida uku ba sa kama. Ɗaya a yi masa ɗaurin mata, ɗaya ɗaurin soja, ɗaya ɗaurin wanda bai iya ba. Wannan na ƙarshen ya fi wuyar koyo.

Ba mu kaɗai ke neman sauƙin jirgi ba, amma sauran duk 'yan koyo ne. Akwai mai yankar tikitin Kuru alhali Makurɗi za shi, ya lulluɓa da mayafi yana minshari da rana tsaka. Akwai mai shigewa bayan gida ya kulle kansa har sai mai duba tikiti ya wuce, ya fito yana warin da kowa zai san inda ya ɓuya. Na taɓa ganin matar da ta goya 'yarta don kada ta biya mata rabin kuɗi, ƙafafun yarinyar suna jan ƙasa, tana gaida mutane da cikakkiyar Hausa daga bayan uwarta. Waɗannan duk kama su ake yi, su biya har da tara, su ƙara da kunya. Mu namu aikin a fili yake, kowa da tikitinsa a hannu, kowa da kayansa a gabansa.

Amma ɗauri da awo duk wasa ne a kan zaɓen mutum. Nan sana'ar take. Ka ba ɓarawo goyo, ya sauka a tashar farko da kayan mutane, kuma ba ka da bakin kai ƙara, don da bakinka ka ce nasa ne. Ka ba matsoraci, a tambaye shi ya hau rawar baki. Baba Tanko yakan ce, "Mutumin da kake nema shi ne wanda zai iya ƙarya amma ba zai iya sata ba. Irinsu ba su da yawa, sai ka duba da kyau." Shekara huɗu ina aikin nan, ƙullina ko ɗaya bai taɓa ɓata ba, ba a kuma taɓa sauke shi a hanya ba. Har na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

Sai mummunar shekara ta zo. An gyara hanyoyin mota, manyan bas-bas suka fara lodi zuwa kudu, jirgi kuma ya koma zuwa lokacin da ya ga dama. To wa zai fara gudu? Wanda ba shi da kaya mana. Ɗan makaranta ya rataya jakarsa ya tafi tashar mota. Aka bar mu da masu buhuna, kowa na neman goyo, babu mai goyawa. Idon Baba Tanko ya yi yana, ya koma gida ya zauna. Kamar wannan bai isa ba, aka kawo sabon sufeton tikiti a layinmu, wani siririn mutum mai gilashi, ba ya karɓar goro, ba ya amsa gaisuwa fiye da kalma biyu. Muka sa masa suna Ba-Sabo, don ba ya sabo da kowa. A shekarar nan akwai makon da na yi ban zare basilla daga aljihu ba.

A cikin wannan hali Mama Chidi ta zo mini. Mutuniyar kudu ce, a Kabong take zaune, mijinta kafinta ne, ya faɗo daga kan rufin wani gida ya karye a cinya. Ba ta taɓa fatauci ba. Ta sayar da zartunansa da gudumominsa da bencin aikinsa ga wani kafinta maƙwabcinsu, bisa alkawarin in ta dawo da kuɗin kafin wata ya mutu zai mayar mata. Da kuɗin ta sayi dankali buhu uku manya, za ta kai Inugu. Ta tsaya a gabana da zani ɗaure a ƙugu, ta ce, "Oga Isuhu, an ce kai ne ka iya. Ni ba ni da kuɗin sikeli, abeg. Tikiti kawai ya rage a hannuna. Wannan dankali, shi ne zarto na mijina."

Na ce, "Madam, kwantar da hankalinki. Kin zo gidan sauƙi."

Na farke buhunan na raba su shida. Ɗaya a adakar ƙarfe, ɗaya a kwando, ɗaya cikin tsohon bargo, sauran a ƙananan buhuna, kowanne da irin ɗaurinsa. Sai dai mai igiyar rama bai fito ranar ba, shi ma kasuwa ta kore shi. Abin da na samu shi ne wata igiyar roba shuɗiya, sabon yayi, na sayi curi ɗaya na ɗaure duka shidan da ita. Na san bai kamata ba. Na ce wa kaina wa zai tsaya kallon igiya.

Ƙulli ɗaya ya hau tikitinta. Na sami sojoji biyu masu zuwa Inugu, da wani mai gyaran rediyo, da wata ma'aikaciyar asibiti. Biyar ke nan. Na shida na zagaya tasha sau uku ban sami mai ɗauka ba, ga jirgi ya tsaya, an fara shiga. Can na hango wani dattijo zaune a kan benci, farin gemu, farar hula, ba shi da komai sai buta da buzu a naɗe da carbi a hannu. Na gane shi. Malam Iro ne, tsohon ɗan kuza, mun zauna unguwa ɗaya a Naraguta. Mutumin da in ka yar da sule a ƙofar gidansa zai bi ka da shi har kasuwa. Kafanchan za shi duba ƙanensa da ba shi da lafiya. Na ce a raina, wannan dai ba zai gudu da dankalin kowa ba. A Kafanchan jirgi yakan daɗe a tsaye, mutane na shiga da yawa, can zan sami wanda zai ƙarasa da ƙullin.

Na durƙusa na gaishe shi. Na buɗe baki zan ce, "Baba, in an tambaye ka ka ce naka ne," sai na dubi gemun nan, maganar ta maƙale. Abin da ya fito shi ne, "Baba, don Allah ga ɗan kaya nan, a ajiye kusa da kai ka riƙa duba mana."

Ya ce, "Ba komai, ɗana. Amana ce, Allah ya ba mu ikon riƙewa."

Na yanki tikitin Kafanchan da kuɗin aljihuna, abin da ɗan sana'armu ke ɗauka abin kunya, na shiga taragon aji na uku na zauna nesa da kayan, don ma'aikata sun san fuskata. Jirgi ya tashi da hantsi a kan lokacinsa, wanda a shekarar nan abin a yi sadaka ne. Muka wuce Bukuru, muka wuce Kuru. Mun fara gangara dutse ke nan, ana ta cinikin gyaɗa da ayaba, sai ga Ba-Sabo ya shigo da abin huda tikiti a hannu, yana tambayar kowa ko kayan da ke gabansa nasa ne.

Sojojin nan ko kallonsa ba su yi ba, suka ce nasu ne. Mai rediyo ya ce nasa ne, har ya ƙara da cewa surukarsa zai kai wa. Ma'aikaciyar asibiti ta ce nata ne, ta ci gaba da saƙarta. Na fara sakin numfashi. Ya iso kan Malam Iro, ya huda tikiti, ya taɓa ƙullin da takalmi.

"Baba, wannan naka ne?"

"A'a, ranka ya daɗe, ba nawa ba ne. Amana aka ba ni in duba."

"Wa ya ba ka?"

Ya ɗaga hannun da ke riƙe da carbi ya nuno ni daga can ƙarshen tarago. "Wancan yaron kirkin. Isuhu sunansa, na san ubansa."

Ba-Sabo ya dube ni ta saman gilashi. Ya sunkuya ya ja igiyar ƙullin da yatsa, ya miƙe, ya bi taragon a hankali yana duba ƙarƙashin kujeru. Ya dawo ya ce, "Shuɗiyar igiya shida. Duk za su sauka a Kafanchan, a auna, a biya har da tara. In babu kuɗi, su zauna a sito sai an kawo."

Ku da ba ku san dankalin turawa ba, ɗan sanyi ne. Ya kwana uku a siton kwano a zafin Kafanchan, sai dai a kwashe shi da shebur. Mama Chidi ta san haka. Ta yi tsalle ta tsallake kwandon kajin wata mata, ta faɗi a gaban tsohon.

"Oga, nashi ne! Baba, na ba ka. Na dash you. Kyauta ne!"

Malam Iro ya dube ta da kyau. "'Yata, da gaske kike? Har zuciya kin ba ni?"

"Har zuciya, Baba!"

"Ba za ki nema ba?"

"Ba zan nema ba, a gaban Allah."

Ya juya ga mutanen tarago. "Jama'a, kun shaida?" Aka ce an shaida, wasu na dariya. Ya ɗora tafin hannu a kan ƙullin ya ce, "To na karɓa, Allah ya yi albarka." Sannan ya dubi sufeto. "Ranka ya daɗe, ɗazu ba nawa ba ne. Yanzu nawa ne."

Ban taɓa ganin haƙoran Ba-Sabo ba sai ranar. Ya dubi sojojin nan biyu, su ma suka dube shi, kuma a zamanin nan ba a jan magana da mai kaki a kan igiya. Ya ce, "Madalla. Tun da kowa ya ce nasa ne, nasa ne. Amma zan tsaya a Kafanchan in ga Baba ya fita ƙofa da kayansa. In ƙullin nan ya sake shiga jirgin nan, duka shidan za su sauka."

Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na ce a raina, kai, ashe tsohon nan gwani ne, mu ne ba mu sani ba. Na riga na tsara komai: in fita da ƙullin ta ƙofa, in zagaya bayan shinge, in kwance shuɗiyar igiya in sake ɗauri, in ba wani sabon fasinja a wani tarago. Aikin minti goma.

Muka isa Kafanchan wajen la'asar. Na ɗora ƙullin a ka, Malam Iro na gaba da butarsa, muka wuce ta gaban Ba-Sabo muka fita. A gindin wani mangwaro na sauke, na zaro wuƙa.

"Baba, mun gode ƙwarai. Allah ya saka. Bari in mayar mata."

Ya ce, "Ka mayar da me?"

"Dankalin, Baba."

"Dankalina?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Bai yi dariya ba. Mama Chidi ta bar sauran kayan ta rugo, ta tsaya ta cikin shinge tana riƙe da wayar shingen da hannu biyu. Ta ce, "Baba, abeg, jirgi zai tashi. Ka ba shi ya kawo."

Ya matsa kusa da shingen, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin jikarsa. "'Yata, sau biyu na tambaye ki, kika ce har zuciya. Na faɗa wa hukuma nawa ne a gaban shaidu. In na mayar miki yanzu, ashe ƙarya na yi ke nan. Shekarata saba'in ban yi ba, ba zan fara a kan dankali ba."

Na ce, "To Baba, ai da sauƙi. Ta ba ka kyauta, kai ma ka ba ta kyauta. Shi ke nan, ba wanda ya yi ƙarya."

Ya girgiza kai. "Wannan wayo ne, ɗana, kuma ba a yi wa Allah wayo. Ni ban ma iya cin dankalin turawa ba, kumbura mini ciki yake yi. Zan raba wa maƙwabtan ƙanena sadaka, in sa a yi mata addu'a, ita da mai gidanta."

"Chineke! Wayyo Allah! Baba, addu'a ba zai sayi zarto ba!"

Na waiwaya. Ba-Sabo na tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya, yana kallonmu. In na fizge ƙullin, biyar ɗin can sun tafi. Jirgi ya yi kuka. Mama Chidi ta dube ni, ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da ya fi mini sauƙi. Ta saki wayar ta ruga, ta kama ƙofar tarago yana motsi.

Malam Iro ya taɓa kafaɗata ya ce gidan ƙanensa ba nisa, ko zan taimaka in kai masa kayansa. Na ɗora a ka na bi shi. Da muka isa ya kwance bakin aljihu ya ba ni ladan dako, cif yadda ake biya, bai rage ko kwabo ba. Na karɓa, don da shi na cika kuɗin komawa Jos. Har yau ban sani ba, ko waliyyi na ɗauka wa kaya ranar nan, ko kuwa mutumin da ya fi mu duka iya sana'ar.

Ribar tafiyar kaf a ƙulli na shidan nan take. Abin da za ta biya a sikeli tun farko bai kai rabin kuɗinsa ba, kuma da na ce mata ta rage dankalin ta biya awon sauran, da ta dawo da abinta. Ban ce ba, don ni gwani ne. Ta sayar da biyar ɗin a Inugu, ta cire kuɗin dawowa, aka biya maɗori, aka ci abinci, abin da ya rage bai kai kuɗin fansar kayan aikin ba. Wata ya mutu, maƙwabcin ya riƙe kayan aikin. Bayan 'yan watanni na bi ta Kabong na ga mijin yana ɗingishi a shagon mutumin nan, yana yanka katako da zarton da yake nasa a da, ana biyansa kullum-kullum. Na sauya hanya. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

Na ɗauka ba za ta sake shiga jirgi ba. Sai ga ta wata safiya da buhu biyu a kan amalanke. Na tashi da sauri, na zaro igiyar rama mai kyau, na tare ta. Na ce wannan karon ba zan karɓi ko sisi ba, kuma na sami mutane nagari, na tantance su da kaina.

Ba ta tsaya ba. Ta sa aka wuce da buhunan kai tsaye kan sikeli, ta kwance bakin zani ta biya abin da aka ce, ta karɓi takardarta ta soke a ɗankwali. Sannan ta juyo ta dube ni.

"Oga Isuhu, ka bar shi. Wannan sikeli, yana cin kuɗi. Amma ba ya cin dankali."